Daga ciwon Afolo zuwa tatsuniyoyin Girkawa: abin da almakashi da ƙyalle suka koya wa ɗalibaina

A bara, ciwon ido ya ratsa ajina kamar wutar daji. Ina koyar da 'yan aji shida ne a wata makarantar firamare da ke cikin Zango a nan Kumasi, yara arba'in da bakwai, kusan dukkansu 'ya'yan Musulmi. Cikin mako biyu rabin ajin idonsu ya yi jajir. Wata safiya wani yaro da ya dawo bayan kwana huɗu a gida ya ɗaga hannu, ya ce, "Ticha, wai me ya sa ake ce wa ciwon nan Afolo?"

Na san rabin amsar. A shekarar 1969 aka fara ganin wannan ciwo a Gana, daidai lokacin da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauke mutane a kan wata, sai jama'a suka liƙa wa ciwon sunan kumbon. Yaron ya ce, "To shi kumbon fa, wa ya raɗa masa?" Na ce sunan wani abin bauta ne na mutanen Girka na dā. Ya ce, "Su wane ne Girkawa?" Nan fa na tsaya ina sosa ƙeya. A kwalejin horar da malamai an koya mana yadda ake tsara darasi da yadda ake riƙe aji, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ba mu labarin nan.

Da na koma gida na fara bincike, sai na ga ashe sunayen nan sun kewaye mu. Takalmin Nike da yaranmu ke mafarkin sawa sunan wata abar bautarsu ce ta nasara. Littafin taswira da muke kira atlas sunan wani ƙato ne da suka ce yana ɗauke da sama a kafaɗa. Ƙungiyar Ajax ta ƙasar Holan, wadda Mohammed Kudus ɗan Nima ya buga wa ƙwallo daga 2020 zuwa 2023, sunan wani jarumin yaƙi ne a labaransu, kuma kansa ne a jikin tambarin ƙungiyar. Wasannin Olamfik da aka farfaɗo da su a 1896 sun samo suna daga Olimfiya, filin da Girkawa ke taruwa suna gasa tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yaranmu suna furta waɗannan sunaye kullum, ba su san daga inda suka fito ba.

Sai na yanke shawarar in ba su labaran a darasin zane da aikin hannu, wanda manhajar da aka fara aiki da ita a 2019 ta ba shi gurbi a firamare. Na ce ba zan tsaya a gaban allo ina zuba ba. Zan ba da labari, su kuma su mayar da shi hoto da hannunsu, ta hanyar fenti da kuma abin da muke kira yanke-da-manne, wato a yanka takarda ko ƙyalle a manna a kan kwali har hoto ya fito.

Kayan aiki daga Zango

Ba mu da kuɗin sayen fenti na kanti, don haka muka waiwayi unguwa. Wani tela da ke bayan makaranta ya tara mana buhu guda na ragowar atamfa da shadda. Masu shago suka ba mu kwalaye. Manne kuwa sitacin rogo muka dama da ruwan zafi. Baƙi daga gawayi, ja daga jar ƙasar bakin hanya da muka tankaɗe, shuɗi daga bular wanki. Wata yarinya da uwarta ke sayar da kaji ta kawo leda cike da gashin kaza da na zabo. Abin da na saya da kuɗina almakashi goma sha biyu ne kawai, yara huɗu-huɗu suna karɓa-karɓa.

Na nuna musu hotunan tukwanen Girkawa a wayata. Tun wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) maginan tukwane na birnin Korint suka fara zana mutane da dabbobi da baƙi a kan yumɓu, daga baya mutanen Atens suka ƙware a kai, inda yumɓunsu ke fitowa ja-ja bayan gashi. A jikin waɗannan tukwane ake ganin labaransu da yawa, ga kuma ado mai lanƙwasa-lanƙwasa a gefe. Yaran suna gani suka ce, "Ai wannan kalar ƙasarmu ce!" Haka muka shafe kwali da jar ƙasa, muka yanka siffofi daga baƙar takarda muka manna.

Labarin farko na Dedalus ne da ɗansa Ikarus. Dedalus gwanin ƙira ne da Sarki Minos ya tsare a tsibirin Kirit. Da ya ga ba hanya ta ƙasa ko ta ruwa, sai ya haɗa fukafukai da gashin tsuntsaye da kakin zuma, ya gargaɗi ɗansa kada ya yi ƙasa sosai ruwan teku ya jiƙa gashin, kada kuma ya yi sama sosai rana ta narkar da kakin. Yaro ya ji daɗin tashi, ya manta da maganar uba, kaki ya narke, ya faɗa teku. Ban ma rufe baki ba wata yarinya ta ce, "Ticha, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Aji ya ɗauki tafi.

Na nuna musu yadda wani mai zane ɗan Faransa, Henri Matisse, ya yi nasa Ikarus. Bayan an yi masa tiyata a 1941 tsayuwa a gaban allon zane ta yi masa wuya, sai ya koma yanka takardu masu launi da almakashi. Hoton ya fito a wani littafinsa a 1947: baƙin mutum ba fuska, jan ɗigo a ƙirji, shuɗin fili, da wasu tartsatsi rawaya. Yaran suka ce, "Wannan ai mu ma za mu iya." Kuma suka iya. Wani ya yi wa Ikarus ɗinsa fukafukan zabo, wani ya yi teku da shuɗiyar shadda mai walƙiya.

Ranar da Alhaji ya zo

A mako na uku, ina cikin kiran suna, aka ce shugaban makaranta yana nemana. Na tarar da wani dattijo a zaune, mahaifin ɗaya daga cikin yarana, fuska ba annuri. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ticha, kai ba Musulmi ba ne?" Na ce, "Musulmi ne, Baba Alhaji." Ya ce, "To jiya ɗana ya ce min kai ka koya musu akwai wani Allah na sama mai suna Zeyus, da wani na teku. Makaranta na kawo shi ko gidan tsafi?"

Jikina ya yi sanyi, domin na gane inda matsalar take, kuma laifina ne. Da Turanci nake ba da darasi. A Turanci kalma ɗaya ake amfani da ita ga Ubangiji da kuma abin bautar ƙarya, bambancin kawai babban baƙi ne da ƙarami a rubuce. To kunne ai ba ya jin babban baƙi. Yaro ya ji kalmar, ya juya ta zuwa Hausa a hanyarsa ta komawa gida, ta fita da mummunar ma'ana. Ga shi kuma ban sanar da iyaye komai ba kafin in fara. Na ba Alhaji haƙuri, na ce a ba ni mako guda. Shugaban makaranta ya ce in dakatar da darasin, in kuma aka sake kawo ƙara to maganar za ta wuce ofishinsa.

A daren ban yi barcin kirki ba. Mu da muke zaune tsiraru a cikin wasu, mun san abin da ya sa iyayenmu suka daɗe suna ɗari-ɗari da boko. Da yawa daga kakanninmu sun hana 'ya'yansu shiga makarantun mishan don tsoron kada a sauya musu addini, kuma har yau muna biyan kuɗin wannan nisa da aka yi da karatu. Amanar da ta sa Alhaji ya kawo ɗansa ajina ba a rana ɗaya aka gina ta ba. In na rusa ta saboda tatsuniya, na yi ɓarna babba.

Abin da malamina ya ce

Washegari bayan la'asar na je wurin malamin da ya karantar da ni tun ina riƙe da allo. Na kwashe komai na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai da ka sauke Alƙur'ani a gabana, ba ka karanta sunan Lata da Uzza da Manata a ciki ba?" Na ce, "Na karanta, Allah gafarta Malam." Ya ce, "To ka bauta musu?" Na ce a'a. Ya ce, "Sanin abu daban, bauta masa daban. Amma yaro ba babba ba ne. Kai ne za ka gina masa katanga tsakanin labari da aƙida, kuma da harshen da yake mafarki da shi za ka gina ta."

Ya tuna min cewa malaman Musulunci ba su guje wa sanin abin da wasu al'ummai suka yi imani da shi ba. Ibn al-Kalbi ya rubuta littafi sukutum a kan gumakan Larabawan jahiliyya. Al-Biruni ya rubuta a kan addinin mutanen Indiya. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, an juya littattafan Girkawa na likitanci da lissafi da falsafa zuwa Larabci. Daga baya ni ma na gano wani misalin da ya fi kusa da aikina: Abdurrahman al-Sufi, masanin taurari, ya rubuta littafi a wajen shekarar 964 inda ya zana rukunonin taurari da siffofin da Girkawa suka ba su. A cikinsu akwai jarumi Fasiyas riƙe da kan dodanniya Medusa, wanda Larabawa suka kira kan Gul, kuma daga nan Turawa suka samo sunan tauraron da suke kira Algol har gobe.

Na tambayi Malam batun zana abu mai rai. Ya ce malamai sun yi magana mai tsawo a kai, kuma akwai iyayen da ba za su yarda ba ko kaɗan. Shawararsa ita ce in bar siffofin ba fuska, kada a rataye su inda ake salla, kuma duk yaron da iyayensa suka ƙi kada in tilasta masa.

Ga ta nan, ga ta nanku

Da aka ba ni izinin ci gaba, na sauya abu uku. Na farko, na rubuta wa iyaye takarda da Hausa da Turanci, na bayyana abin da muke yi. Na biyu, na daina ba da labarin da Turanci tsura. Da Hausa nake farawa, in ce gumakan Girkawa, ko abin da Girkawa suke bauta wa a zamanin jahiliyyarsu, sannan mu koma Turanci. Na uku, kuma shi ya fi aiki, na fara buɗe kowane labari da "Ga ta nan, ga ta nanku." Yaran suka amsa da ƙarfi, "Ta zo mu ji ta!" In na gama in ce "Ƙurunƙus." Duk ɗan Hausa ya san abin da ke tsakanin waɗannan kalmomi biyu tatsuniya ce. Ba yaron da ya taɓa jin labarin Gizo da Ƙoƙi ya tafi neman gidansu. Ashe katangar da Malam ke magana tana nan a harshenmu tun tuni, ni ne na tsallake ta.

Labarin da ya fi kama su shi ne na Arakni, wanda mawaƙin Rumawa Obid ya rubuta a farkon ƙarni na ɗaya. Arakni 'yar wani marini ce a ƙasar Lidiya, cikin Turkiyya ta yau. Ta gwanance a saƙa har ta ce ko Atena, wadda suke ɗauka uwar masu sana'ar hannu, ba ta kai ta ba. Atena ta zo mata a siffar tsohuwa ta ce ta janye maganar, ta ƙi. Aka yi gasa, saƙar Arakni ta fito ba aibi, Atena ta fusata ta yayyaga ta, daga ƙarshe ta mayar da yarinyar gizo-gizo, ta yi ta saƙa har abada.

Nan aji ya kaure da gardama. Wasu suka ce girman kai ne ya ja mata. Wasu suka ce zalunci ne, tunda ita ta ci gasar. Wani yaro ya ce, "Ticha, wannan wace irin abar bauta ce mai hassada kamar kishiya?" Na ce masa haka Girkawa suka siffanta gumakansu, suna fushi, suna kishi, suna yaudara, domin mutane ne suka ƙaga su da halin mutane. Ban taɓa yin darasin tauhidi da ya shiga kunnen yara kamar wannan ba, alhali ba shi na fito yi ba.

Sai wata yarinya da kakarta Ba'asantiya ce ta ce ai su ma a Bonwire ana cewa masaƙan kente na farko a wurin gizo-gizo suka koyi saƙa, suna kallon yadda Ananse ke haɗa yanarsa a daji. Wani ya ce mu ma ai muna da Gizo. Muka raba babban kwali gida uku, Gizo da Ananse da Arakni, aka haɗa su da yana guda ta zaren tela. Wannan hoton shi ne ya fi kowanne kyau a duk abin da muka yi.

Haka muka yi da taurari. Tarin taurarin nan da muke kira kaza da 'ya'yanta, Larabawa suna ce musu Surayya, Girkawa kuma suka ce 'yan mata bakwai ne, 'ya'yan Atlas. Yaran suka shafe kwali da gawayi, suka manna ƙananan farar shadda. Taurari dai su ne, kowace al'umma ta kalle su ta ba su labarinta.

Abin da hannu ke koya wa kai

Abin da na lura da shi shi ne, yaron da ya yanka Zeyus da almakashi, ya shafa masa sitaci a baya, ya ga ƙafarsa ta yage ya sake yanka wata, ba zai ji tsoronsa ko girmansa ba. Ya san takarda ce, shi ya yi ta. Kuma yankan yana tilasta masa tunani. Kafin ka manna hoto guda sai ka zaɓi wane wuri ne zuciyar labarin: lokacin da uba ke gargaɗi, ko lokacin da ɗa ke faɗuwa? Yaran da ba sa iya rubuta layi uku da Turanci sai ga su suna kare zaɓinsu da hujja.

Tambayoyinsu ma suka sauya. Wani ya ce kawunsa da ya je Hajji ya ce a can sama sanyi ake yi, to yaya kakin Ikarus ya narke? Na ce kawunka ya yi gaskiya. Duk kilomita ɗaya da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi, rana kuwa tana nesa da mu da kusan kilomita miliyan 150, tashin tsuntsu ba ya rage komai a wannan nisa. Yaron ya ce, "Ashe Girkawan ba su sani ba." Daga tatsuniya muka faɗa darasin kimiyya ba shiri.

Da muka zo labarin Tisiyas, wanda ya shiga gidan ruɗu na Kirit don kashe dodo mai kan sa, ya kuma fito ta hanyar bin zaren da Ariyadni ta ba shi, sai yaran suka ce, "Ticha, ai kasuwar Kejetia ce!" Na nuna musu aikin Romare Bearden, baƙar fata ɗan Amurka, wanda a 1977 ya yi jerin hotunan yanke-da-manne a kan tafiyar Odisiyas ta Homa, ya mayar da mutanen labarin baƙaƙe. Daga ranar Ariyadni ta fara ɗaura ɗankwalin atamfa a ajina.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Da damina sitacin ya yi fumfuna, kyankyasai suka cinye mana hotuna shida a cikin kabad. Sai da hunturu aikin ya yi kyau, manne na bushewa nan da nan. Akwai kuma labaran da na tsallake gaba ɗaya, domin tatsuniyoyin Girkawa cike suke da abubuwan da ba su dace da kunnen yaro ba. Malamin da zai gwada wannan sai ya karanta labari tun daga farko har ƙarshe kafin ya kai shi aji.

A ƙarshen zango muka jera hotunan a barandar makaranta, muka gayyaci iyaye. Uwaye suka fi zuwa, suna nuna ƙyallayen da suka gane, wata na cewa wannan ai ragowar ɗinkin sallarta ne. Alhaji ma ya zo. Bai sauya ra'ayi ba a kan zana mutum, kuma tun farko ya ce ɗansa ba zai yi ba, na kuwa mutunta maganarsa. Yaron shi ya riƙa yi mana adon gefe irin na tukwanen Girkawa, shi ya zana teku da jiragen ruwa, shi kuma ya tsara gidan ruɗun da duk ajin suka kasa fita daga cikinsa da yatsa. Alhaji ya tsaya a gaban gidan ruɗun, ya sa yatsa ya bi, ya ɓace sau biyu. Ya juyo ya ce da ɗansa, "Kai ka yi wannan?" Yaron ya ce e. Ya ce da ni, "Ticha, ka dai riƙa gaya mana kafin ka fara." Na ce, "In sha Allahu, Baba Alhaji."

Ga 'yan'uwana malamai da ke koyarwa a Zangunanmu, daga Nima zuwa Tamale: yaranmu za su ci karo da waɗannan sunaye a sakandare, a littattafan adabi, a fina-finai da wasannin waya, ko muna so ko ba ma so. Gara su fara jin su daga bakin wanda zai ce musu "ga ta nan, ga ta nanku" tun da fari. A sanar da iyaye, a yi bayani da Hausa, a nemi shawarar malamai, sannan a je wurin tela a roƙi ƙyalle. Bana 'yan sabon aji shida sun riga sun fara tambaya yaushe za a kawo almakashi, ni kuma takardar iyaye na fara rubutawa.